Dalar Azurfa Mai Maki Sittin da Biyar

Tsoho Liao ya dangwarar da wani ɗan akwatin roba a teburin kamfanin tantancewa, har shayin ma'aikacin ya fantsama. A cikin robar akwai dalar azurfa mai zanen dodo, irin ta zamanin sarakunan Qing na ƙasar Sin, an manna mata takarda: ta asali ce, maki sittin da biyar cikin saba'in.

Ranar Asabar ce, baje kolin tsoffin kuɗaɗe na Taipei ya cika ya batse. A bayan Liao 'yarsa Mei-hsiu take tsaye, kunya kamar ta nutse. Ta sayar da shagon taliyarta na shekara goma sha ɗaya don ta sayi wannan dalar, wai nan da shekara biyu za ta ninka. Dillalin da ke sayar da ita ya ba ta zuwa ƙarfe uku ta biya, kuma yana gefe yana sa ido a kan kayansa.

Ai dole ran dattijo ya ɓaci. A da, mai sayen azurfa yakan riƙe ta da farce, ya hura gefenta, ya kai kunne ya ji amonta. Yanzu an kulle ta a roba, mai saye ba ya taɓawa, ba ya ji, lamba kawai yake karantawa. Dillalai kuwa sun gane hanya: in ba su ji daɗin makin ba, su fasa robar su sake turawa a tantance, sau uku, sau biyar, har ta faɗa hannun wanda ya gaji da aiki. Tsabar da aka ba sittin bara sai ka ganta da sittin da huɗu bana, ba abin da ya ƙaru a jikinta sai tsada.

"Ku fasa ta," in ji Liao. "Jabu ce."

Ma'aikacin, wani mai suna Fang da farar safar hannu, ya yi masa irin murmushin da ake yi wa mara lafiya. "Baba, ƙwararru uku suka duba ta. In aka fasa, makin ya tafi. Kai ko gilashi ba ka sa ka duba ba."

"Ƙwararrun me? Daƙiƙa nawa kowannensu ya yi a kanta? Ashirin?"

"Baba, don Allah ka bari," Mei-hsiu ta ja hannun rigarsa. "Maɓallan rigar 'yan makaranta ka yi duk rayuwarka, ina ruwanka da azurfa? Kana ba ni kunya a gaban mutane."

Maganar ta soke shi, amma bai juyo ba. Ya roƙi a auna ta, suka ce nauyinta daidai ne. Ya ce a duba ƙayoyin bayan dodon, suka ce an duba. Mutane suka taru, wani ma ya ɗaga waya yana ɗauka. Dillalin ya fara zancen kiran masu gadi, Mei-hsiu kuma ta buɗe wayarta za ta tura kuɗin don a huta.

Fang ya ga gara ya kashe bakin tsohon gaba ɗaya. Ya jawo babban allo, ya haska hoton dalar da kamfanin ya ajiye shekara da shekaru, wadda da ita ake gwada duk wata irinta. Ya jera ta da ta Mei-hsiu, ya ƙara girmansu. Gashin baki, farce, ƙaya bayan ƙaya, har ɗan tabon da ke ƙasan wutsiya, komai ya hau daidai.

"To, Baba, ka gani? Kamar an tsaga kara."

Liao ya daɗe yana kallon allon. Ya dubi wayar da ke ɗaukarsa, ya dubi yatsan 'yarsa a kan maɓallin biya. Ya san daga yau ba za ta ƙara kallonsa da idon da ba, wataƙila ma 'yan sanda su zo ƙofarsa. Ya riƙe wuyan hannunta gam.

"Dole su yi kama mana, shashashai," ya ce. "Mei-hsiu, jabu goma sha biyu irinta na buga a bayan gidanmu shekarar da aka haife ki, wadda za ki saya da ta allon nan duka aikina ne."