Ranar Da Jiniya Ya Yi Shiru

Gida goma sha ɗaya Tela ta rubuta a bayan takardar awo, ta kuma ƙudurta cewa sai ta taka kowanne cikin kwana uku. Tun da aure ya kai ta wani gari ba ta leƙo 'yan'uwa ba, ga shi ta haihu, yaron har ya yi wata uku. Gorin waya ya ishe ta, wai ta samu wuri ta manta da mutane. Wannan karon ba wanda zai ce an tsallake shi.

Mijinta, direban babbar mota, shi ya laƙaba wa yaron Jiniya, don in ya tsage da kuka har maƙwabta sai sun shaida. Ko ƙarar keken ɗinkinta ya ji sai ya farka ya ɗora tasa. Da zai sa su a mota ya taɓa goshin yaron, ya ce ya ji ɗumi, ko za a ɗaga tafiyar? Ta ce zafin goyo ne, kuma ta riga ta ɗinka masa riguna goma sha ɗaya, kowane gida da tasa. Tela in ta sa abu a gaba, sai dai a ba ta hanya.

Ranar farko Jiniya ya cika sunansa. Gida huɗu suka shiga, a kowanne yana callara kuka. Goggo ta ce wannan angon nata ba ya ƙaunarta, aka yi dariya, Tela kuwa kunya ta kama ta.

Rana ta biyu ya yi lakwas. Wannan ta ɗauka ta miƙa wa waccan, ko motsi ba ya yi. A gidan yayarta aka yi ta yabo, yaro mai haƙuri, ya gane danginsa. Ta ba shi nono ya kama kaɗan ya saki, ta ce barci ne. Har daɗi ta ji da ta duba jaka ta ga kunzugun da ta zo da su ba su ragu ba.

Rana ta uku suka isa gida na tara, wajen ƙawarta ta makaranta, mai 'ya'ya huɗu. Ƙawar ta karɓe shi tana wasa, sai fara'arta ta ɗauke. Ta taɓa wuyansa, ta shafa maɗigarsa.

"Yaushe rabon da ki canza masa kunzugu?"

"Tun jiya da safe. Ai bai jiƙa ba, ya zama babban mutum."

"Ƙawata, wannan ba haƙuri ba ne. Yaron nan ba shi da ƙarfin kuka. Tashi mu tafi asibiti yanzu."

Tela ta kalli takardarta. Saura gida biyu, kuma na Kawu a kan hanya yake. Kawu kuwa in ya yi fushi shekara yake ɗauka bai huce ba. Ta ce za ta leƙa su gaisa a tsaye, minti goma. Ƙawar ta roƙe ta har bakin titi, ba ta ji ba.

Minti goma ya zama awa uku. Aka ce sai ta ci abinci, sai ta jira matar Kawu ta dawo daga kasuwa, sai an ɗauki hoto. Tana sa masa riga ta goma ne jikinsa ya sandare, idanunsa suka juye.

Likita ya ce sanƙarau ne, kuma da an kawo shi tun ranar da ya daina shan nono da abin bai kai haka ba. Kwana goma sha tara suka yi a gadon asibiti. Dangin da ta ji tsoron ɓata wa rai duk sun zo dubiya, kowa na tambayar me ya hana ta kawo shi da wuri.

Yaron ya rayu, suka koma gida. Wata safiya ta kwantar da shi kusa da keke ta hau ɗinki, ta gama siket guda bai motsa ba. Ta saki almakashi a kan siminti dab da kansa. Ko ƙifta ido bai yi ba. Gwajin asibiti ya tabbatar da abin da zuciyarta ta riga ta sani: Jiniya ba ya ji.

Ta yi kuka mai yawa, nadama ta ci ta. Mijin bai taɓa ce mata "na faɗa miki" ba, wannan ma ya fi yi mata ciwo. Daga baya ta share hawaye, ta shiga ajin koyon maganar hannu, ta ce ɗanta ba zai tashi ba wanda zai yi hira da shi ba. Takardar nan kuma ba ta yar ba. Ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya a waya, duk inda akwai mai goyo ta ba ta labarin ba tare da ta rage laifinta ba.

Iyaye, jariri mai zazzaɓi da ya yi shiru, ya ƙi nono, ya daina jiƙa kunzugu, asibiti yake nema a wannan sa'ar. Ɗan'uwan da ya yi fushi zai huce, amma abin da jinkiri ya ɗauke wa yaro ba ya dawowa.