Jif Ɗin Baba Ta Ƙi Tashi

Malama ta sake murɗa makulli. Tsohuwar jif ɗin ta yi gurnani, ta ƙi ɗauka.

Ta daki sitiyari har tafin hannunta ya yi zafi. Wata bakwai ke nan duk Asabar tana garejin mahaifinta, ita da ko sifana ba ta taɓa riƙewa ba. Ta kankare tsatsa har farcenta ya karye. Ta sauya batir, ta sauya fulogi, ta koyi wanke kabireta a waya. Makon jiya da kunnenta ta ji injin ya tashi. Yau kuma an koma gidan jiya.

"Sai haƙuri, uwata," in ji Baba daga kujerarsa. "Tsohuwar mota ba ta son gaggawa."

"Baba, na gaji wallahi. Gobe zan kira 'yan gwangwan su kwashe ta."

Tsohon ya sa hannu a aljihu, ya miƙo mata ɗan ƙaramin fis.

"Mayar da wannan, za ta tashi."

"Kai ka cire shi?"

"Duk mako sai na cire wani abu." Ya sunkuyar da kai. "Tun rasuwar mamanku gidan nan ba mai shigowa. In motar ta tashi, me zai ƙara kawo ki?"

Malama ta daɗe tana juya fis ɗin a hannunta. Sannan ta mayar masa da shi aljihu.

"Asabar mai zuwa sai mu duba birki," ta ce.