Inda Aka Binne Gangunan

"Baba, don Allah ka tuna! Ina kuka binne gangunan gubar nan?"

Detlef ya durƙusa gaban mahaifinsa. Ma'aikatan Detlef sun tone filin tsohuwar masana'antar albarushin soja inda mahaifin ya taɓa aiki kaf, ba su ga komai ba. Ruwan garin sai ƙara lalacewa yake yi, ga 'yarsa Wiebke kwance a asibiti.

Tsohon, wanda mantuwa ta ci ƙarfinsa, ya ja tsaki.

"Kai yaro, mahaukata ne mu? Can bayan gari muka kai su, inda babu kowa. Har bishiyar tuffa na dasa a kai don shaida."

Detlef ya waiwaya ya dubi taga. Bayan gari tuni ya zama unguwa. Ga tuffar nan a tsakar gidansu, lilon Wiebke rataye a reshenta.