Kwandon Albasar Rabi

Ina shekara tara, muna cirar albasa a gonarmu ta Bakolori bayan la'asar, sai ƙanwata Rabi ta zauna tana haki, leɓɓanta sun yi baƙi. Ta kamo hannun Baba ta ɗora a ƙirjinta. "Baba, ji yadda zuciyata ke bugawa."

Ya janye hannunsa. "Ke ba bakwaini ba ce, ɗiyata. Saura sati uku kacal aka haife ki. Ƙiwuya ce, tashi."

Baba ba mugu ba ne, a wurinmu bakwaini kaɗai ake lallaɓawa. Rabi ba ta ga wata kakar albasa ba. Likita ya ce ciwon zuciya ne. Har yau abin na ci mini rai, don ni na ɗora mata kwandon a ka.