Tikitin Mantuwa

Tun da aka kawo tikitin mantuwa, kallon fim ya yi araha a Gusau. Rabin kuɗi ake biya, amma da mutum ya fita ƙofa, duk abin da ya gani ko ya ji a ciki zai goge daga kansa. Fim ɗaya sai ya ishi talaka shekara.

Ranar Asabar bayan azahar Suwaiba ta raka mahaifiyarta gidan kallo, kamar kowane mako. Ana tsakiyar kallo ta matso kusa.

"Inna, na samu aiki a Agadas. Ƙarshen wata zan tafi."

A nan kaɗai take iya faɗa, tunda babu abin da zai biyo su waje.

Inna ba ta ɗauke ido daga allon ba. "Direban nan zai tsira, Auta. Matarsa ce za ta zo da babur."

Suwaiba ta juyo. Mai tikitin mantuwa ba ya sanin ƙarshen fim.

"Sau uku ke nan ina ji daga bakinki," in ji Inna. "Wata Asabar na fito fuskata jiƙe da hawaye ban san dalili ba, alhali fim ɗin na ban dariya ne. Sai na bar cin goro, na koma sayen cikakken tikiti."

"Inna..."

"Na daka miki yaji, na yafe miki. Ke za ki manta a ƙofa. Zan sake faɗa miki a gida."