Kwamfutar da Ba Ta Bari a Buɗe Ta

Ranar Talata ce, tun safe ake yayyafi. Wani mai gyaran kwamfuta yana zaune a shagonsa da laftof biyu a kan tebur. Dattijo ne, furfura ta gama cin gemunsa. Yana da kumburi a mararsa wanda bai gaya wa kowa ba. Kullum da asuba sai ya ɗaure wurin da tsumma, ya saki riga a kai, ya fita. Yana tsoron wuƙar likita, don mahaifinsa da ƙafarsa ya shiga asibiti, a makara aka fito da shi. Yana kuma jin kunyar ya kwance wando a gaban likitoci sa'annin 'ya'yan cikinsa.

Ya fara da tsohuwar laftof ɗin. Baƙa ce, mai kauri, mai nauyi kamar dutsen niƙa, ta wata malamar makaranta. Haruffan madannanta sun goge, kusurwarta ɗaya ta tsage tun wata faɗuwa da ta yi daga kan babur. Ya kifa ta, ya tura wani ɗan maɓalli, batir ya zare kamar an cire takalmi. Ya kwance notuna, murfin ciki ya ɗago. Fankarta ce ta toshe da datti, shi ya sa take zafi tana mutuwa. Ya share, ya ɗiga mai, ya mayar, ta tashi tana huci kamar tsohuwar jaka. Bai san adadin zuwan da ta yi wurinsa ba. Ya taɓa sauya mata allo, ya taɓa sauya mata batir, kuma duk zuwa da ranta take komawa gida. Sai ya jawo sabuwar, ta wani saurayi mai zanen katin biki. Fara ce sol, siririya kamar faifai, ka ɗaga ta da yatsa biyu. Ya juya ta ya sake juyawa, babu ƙofa, babu wurin sa sukundireba na kirki. Da ƙyar ya ɓamɓare ta. A ciki komai a liƙe yake, batir da gam, sauran da dalma. Batirin ya daɗe yana kumbura shiru, ba hayaniya, har ya danne abin da ke kusa da shi ya fasa. Saurayin ya ce ya ga bayanta ya ɗan tasa tun kafin azumi, amma tun da tana aiki kuma fuskarta lafiya lau, sai ya ƙyale. Mai gyara ya ce da an zo da wuri da an cece ta, yanzu sai haƙuri.

Bayan magariba ya koma gida yana tafiya a hankali, yana dafa bango in ba mai kallo. Matarsa ta ajiye masa tuwo. Ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya yi ta mita a kan kayan zamani, yana cewa an koma yin abu don ido, na da kuwa don aiki aka yi su. Ta bar shi ya gama.

"Malam, ita tsohuwar da kake yabo, ba ta lalacewa ne?"

"Tana lalacewa mana. Wane abu ne ba ya lalacewa? Ita dai tana bari a buɗe ta."

"To, madalla," in ji ta, tana ƙara masa miya. "Ni dai na san mai noti na aura. Ban san yaushe aka liƙe mini shi da gam ba."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Tsumman nan da kake cusawa a ƙarƙashin katifa, wa kake zaton yake wanke maka shi? Aljanu?"

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya so ya yi faɗa, ya rasa ta inda zai fara. Ita kuwa sai ta matso da buta, ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta riƙe hannun ɗan lokaci bayan ruwan ya ƙare. A nan ya ga idonta ya kawo ƙwalla, ya gane ba shi kaɗai yake ɗauke da ciwon ba. Duk watannin nan yana ɓoye mata, ita kuma tana ɓoye masa cewa ta sani, kowa yana jin tsoro shi kaɗai a ɗaki ɗaya. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "In suka yanka fa, ban tashi ba?" Ta ce, "Rai na Allah ne. In ka ƙi kuma ya fashe a ciki fa? Ni kake so a ce wa sai haƙuri?"

Washegari bai buɗe shago ba. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, bai ɗaura tsumman ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata ta ɗauko mayafinta. Suka tafi asibiti tare. Da aka kira shi, ya tarar likitan bai kai ɗansa na fari ba a shekaru. Ya waiwayi matarsa, sannan ya ɗaga rigarsa da hannunsa ya nuna wurin.

Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.