Tukwane Biyu a Filin Kokawa

Da masu shirya kokawa suka ƙi hana shan taba, wani dattijo ya dubi dammunan geronsa da ke jibge a bayan fili. Guntun sigari ɗaya ne ya ƙone masa na bara.

Sai ya girke tukwane biyu, ya ɗaga murya: "Ga ta Shinkafi, ga ta Zurmi! Kowa ya jefa guntun sigarinsa a tukunyar garin da zai sha ƙasa!"

"Baba, ta Zurmi ta yi ƙanƙanta!" in ji wani ɗan Shinkafi.

Kafin la'asar, har waɗanda ba su taɓa busa hayaƙi ba sun duƙa tsintar guntayen sigari don su kunyata maƙwabta.

Kokawa ta tashi canjaras. Gero ya shiga rumbu lafiya. Fili kuwa, har guntayen bara an tone.